Wa Ya Buɗe Tankin Naila?

Da safiyar Idin Gitas, idin tunawa da baftismar Almasihu, tun kafin a fito daga coci, labari ya game garin Kafar Sinda cewa an zuba wa giyar Naila guba. Wanda ya fara furta kalmar guba har yau ba a san shi ba. A garinmu haka labari yake, kowa ya ji shi ne a bakin wani, kuma kowa ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa shi gaba.

Abin da ya faru a zahiri bai kai haka tsawo ba. Naila ta je tsohuwar matsar zaitun ta kakanta, wadda ta mayar wurin dafa giyar sha'ir, don ta ɗura giyar da za ta kai gasa. Ta tarar murfin tankin a karkace, ga wani farin abu yana yawo a saman giyar, ya dagula ta. Giyar nan fara ce mai ruwan zuma, irin wadda ake ƙamsasawa da wani fure mai ɗaci da Naila ke sayowa daga waje, kuma tun lokacin kaka take fama da ita. A yammacin ranar ne masu dafa giya a gida daga ƙauyukan dutse za su hallara a zauren coci, har an ɗauko wani gwanin ɗanɗano daga Beirut ya yi musu alƙalanci.

Mahaifinta, Malham, wanda ake kira Abu Rustum, shi ne mai bin sawu na garin. Ya tsufa yana gadin daji. Akuya ta ɓata ko aladen daji sun tone gonar wani, shi ake tasa, ya sunkuya ya dubi ƙasa ya faɗi inda abin ya nufa. 'Ya'yansa maza duk jirgi ya kwashe su, ɗaya Ostareliya, ɗaya Kanada, sai murya a waya ranar idi. Naila ce kaɗai ta je ta ga duniya ta dawo, kuma tun da ta dawo Malham ya daina jin ciwon gwiwa.

Ya same ta zaune a kan buhun sha'ir, ba ta kuka, wanda ya fi kukan tayar masa da hankali.

"Baba, ka nemo min shi," in ji ta. "Ba ƙara zan kai ba. So nake in ga fuskarsa kafin in tafi."

"Ki tafi ina?"

"Inda na fito. Zagi na jure, dariya na jure. Amma a biyo ni har cikin tanki? In dai ɗan garin nan ne ya yi, to garin ya faɗi abin da ke ransa, ni kuma na ji."

Malham ya san 'yarsa. Ba ta barazana, kuma ba ta faɗin magana sau biyu. Ya gyara hularsa ya fita.

*

Bakin ƙofar gaba ba abin karantawa, domin rabin gari ya riga ya tattake wurin garin kallo. Ga shi dusar ƙanƙara ta sake zuba da asuba ta lulluɓe abin da ya rage. Ranar ma ba ranar mai bin sawu ba ce. A daren Gitas matan garinmu kan bar fitilu a kunne da tagogi a buɗe, kowace ta kwaɓa curin kullu ba yisti, ta ɗaure a ƙyalle ta rataye a reshen bishiya. Mun gaji cewa a daren Almasihu kan ratsa gari yana sa albarka, bishiyoyi su rusuna masa, in banda bishiyar tut mai taurin kai. Da safe kullun ya kumbura, shi ne hamirar da gida zai riƙa tayar da burodi da ita har shekara ta zagayo. Don haka duk bishiyar da Malham ya duba, akwai sawun mace a gindinta.

Sai ya zagaya baya. Nan akwai wata 'yar ƙofa ta katako da ba a amfani da ita, kuma daga bakinta ya ga wasu ramuka marasa zurfi a jere, ƙanƙarar asuba ta cike su amma ba ta shafe su ba. Ya tsuguna ya hure saman ɗaya. Takalmin roba ne na namiji, irin wanda kantin garin ke sayar wa kowa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne takun. Takalmi babba, taku gajere, kuma dunduniyar tana jan ƙasa. Ya bi sawun har hanyar mota, inda taraktar Muktar, mai unguwarmu, ta wuce ta share komai.

*

Kafin ya dawo, jama'a sun riga sun yanke hukunci. Sun taru a ƙofar ɗakin Hammud, mutumin Siriya da ke taya Naila wanke tankuna, shi ne kuma ke riƙe da makullin ƙofar gaba. Ba wanda ya taɓa shi. Tsayawa kawai suka yi suna kallonsa, irin kallon da mutanen garinmu ke yi wa baƙo duk ranar da wani abu ya ɓace. Ta cikin ƙofa ana hango matarsa tana naɗe barguna.

Malham ya ratsa su ya gaishe shi hannu da hannu, ya ce ya raka shi bakin famfo. Hammud ya bi shi yana rantsuwa cewa tun da yamma ya kulle ya tafi, kuma shi ko ɗanɗana giyar bai taɓa yi ba, wanki ne nasa. Malham bai saurari rantsuwar sosai ba, ƙafafunsa yake kallo. Hammud dogo ne, taku ɗaya nasa ya yi biyun na mai takalmin roba, kuma yana dasa ƙafa ne da yatsu.

Malham ya tambaye shi batun ƙofar baya. Hammud ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin an buɗe ta ba, Naila ma ta ce makullin ya ɓata tun zamanin kakanta.

Malham ya juya ga jama'a ya ce ba Hammud ba ne. Wani daga baya ya ce to ai baƙo ba ya rasa dabara.

"Dabarar rage tsawon ƙafa?" in ji Malham. "In ka san ta ka koya wa surukarka, ta daina riga ka zuwa ko'ina."

Aka yi dariya, amma ba a watse duka ba, matar Hammud kuma ba ta daina naɗe barguna ba.

*

Mutum na biyu da bakin gari ya nuna shi ne Nakhla mai arak. Gidansu ne ke dafa barasar inabi ta garin tun kaka da kakanni, kuma ya sha faɗa a shagon aski cewa abin da 'yar Malham ke dafawa fitsarin jaki ne da aka sa wa kumfa. Gajere ne, yana da takalmin roba, kuma tagarsa na kallon matsar. A hanya Malham ya ji har ya fara fatan shi ne. In Nakhla ne, sai ya ce wa Naila kishin sana'a ne na tsoho ɗaya, ba ƙiyayyar gari ba, wataƙila ta haƙura.

Ya same shi kusa da murhu, ya ɗora ƙafar dama a kan matashi. Babban yatsan ya kumbura ya yi jawur, ko safa ba ta shiga balle takalmi.

"Shigo, Abu Rustum, na san da zuwanka," in ji Nakhla. "Ka zo auna ƙafata? Ga ta nan, ka auna, amma in ka taɓa ta sai na kashe ka."

Matarsa ta kawo kofi ta tabbatar cewa tun kafin Kirsimeti bai taka waje ba, kuma ita ce ta san abin da ta gani a wannan zaman nasa. Malham ya tuna masa maganar shagon aski.

"Na faɗa, kuma zan sake faɗa. In ina so in ɓata giyar 'yarka, ai sai in bar ta yadda take." Ya juya kofin, sai muryarsa ta sauka. "Amma mai dafa abin sha ba ya sa hannu a tukunyar wani. Ko maƙiyina ne. Ka faɗa mata na ce haka."

Da Malham ya miƙe, Nakhla ya ƙara da cewa ciwon ya hana shi barci, kuma gab da asuba ya hango wata 'yar fitila a bayan matsar. Ba daga cikin gari ta fito ba. Daga sama ta gangaro, ta wajen tsofaffin gonakin zaitun, tana tafe a hankali.

*

Gonakin nan na surukin Malham ne, marigayi mahaifin matarsa Zumurrud, kuma ba mai hawa can da sanyi. Malham ya tsallaka hanyar mota ya yi ta zagaye har ya sake tsintar ramukan a kan matakalar dutse. Ya bi su yana haki. A bakin hanyar akwai wata bishiyar tut mai rassa ƙasa-ƙasa, sawun ya wuce ta bai ko karkata ba. Can sama, a gindin zaitun mafi tsufa a gonar, ya tsaya.

Ganyen zaitun ba ya zuba da sanyi, don haka ƙanƙara ba ta sauka a gindinsa ba, sai laka mai taushi. A reshen da ke daidai kafaɗarsa akwai guntun zaren ulu a ɗaure, an tsinke shi da haƙori, da ɗan busasshen kullu manne a ɓawon. A cikin lakar kuwa ga sawun nan raɗau kamar an buga hatimi. A dunduniyar hagu akwai faci mai kusurwa uku na robar taya.

Malham ya daɗe a tsugune. Shi ya yanka facin nan da wuƙarsa, shi ya manna shi. Takalminsa ne na shiga garken awaki, wanda ke ajiye a bayan ƙofar kicin. Wanda ya sa shi kuwa ƙafarsa ba ta cika shi ba, shi ya sa dunduniyar ke jan ƙasa.

Da farko kunya ce ta kama shi, wai shi mai bin sawu ya wuni yana farautar takalmin kansa. Daga baya tsoro ya zo. Tun ranar da Naila ta shigo da tankuna cikin matsar, Zumurrud ta rantse ba za ta taka wurin ba. Ta ce an mayar da gumin ubanta mashaya, ta ce ta aika 'ya karatu ta dawo mata da sana'ar da za ta hana ta miji. Uwa da 'ya suna gida ɗaya, amma maganarsu ba ta wuce miƙo gishiri. In Naila ta ji cewa hannun da ya buɗe tankin na uwarta ne, Malham bai ga abin da zai tsayar da ita ba.

*

Ya tarar da Zumurrud tana suyar zalabiya, wainar zaƙi ta idi, ta cika tire har ya yi tozo, ta ci gaba da suya kamar za ta ciyar da runduna. Ya ɗauko takalmin daga bayan ƙofa ya ajiye a gabanta, lakar gindin zaitun ba ta gama bushewa ba. Sannan ya buɗe ƙaramar tukunyar da take ajiye hamirar shekara. Wayam.

Ta sauke kaskon daga wuta ta zauna.

"Nawa takalmin yana shan ruwa," in ji ta.

"Umm Rustum, ba takalmi na zo tambaya ba."

Sai ta faɗa masa, idonta a kan hannuwanta. Kwanakin baya ta ji Naila a waya tana kukan cewa sanyi ya yi yawa, yistin da ta sayo daga waje ya yi kasala, tana tsoron giyar ba za ta kai ba. Zumurrud ba ta san komai game da giya ba, amma ta san yisti. Me yistin kanti zai nuna wa hamirar da aka sa wa albarka? Sai ta rataye kullunta a zaitun ɗin ubanta, ta koma da asuba ta sauke, ta buɗe ƙofar baya da makullin da ke ƙasan akwatinta tun ranar da aka binne tsohon. Ta marmasa curin duka a ciki, ko ɗan abin da za ta tayar da burodin gida ba ta rage ba. Murfin ne ya fi ƙarfinta, ta kasa mayar da shi daidai.

"Cewa na yi ta ci gasar, ta zauna," in ji ta. "Da na ji ana cewa guba a bakin coci, sai tsoro ya hana ni fitowa in faɗa. Malham, ka rufa min asiri. Ka ce sawun ya ɓace maka."

Tausayinta ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya so ya yi dariya, ya so ya yi faɗa, bai yi ko ɗaya ba. Ya gaya mata cewa matar Hammud na ɗaure kaya, Naila ma haka, kuma in ya yi shiru duka biyun za su tafi a kan laifin da ba a yi ba.

"Ba zan kira sunanki ba," ya ce. "Zan faɗi abin da ƙasa ta nuna min har gindin zaitun, in tsaya. Abin da ya rage naki ne."

*

Da la'asar zauren coci ya cika, har da waɗanda ba su taɓa shan giyar sha'ir ba kuma ba su da niyya. Baƙi daga sauran ƙauyuka sun jera ƙananan gangunansu a kan tebura. Alƙalin, wani Ba'armeniye mai furfura da ake kira Ustaz Garbis, yana zaune da ƙananan kofuna a gabansa da burodi na goge baki. Malham ya roƙi Abuna Sim'an, limamin cocin, a dakata da gasar tukuna. Ya sa aka ɗauko Nakhla a kan kujera, ya kira Hammud ya zaunar da shi kusa da Muktar, ya kuma sa Naila ta ɗebo tulu ɗaya daga tankin. Ta kawo ta dire a tebur ta koma jikin bango ta harɗe hannu. Zumurrud na can layin baya cikin mata, da tiren zalabiya a cinya.

Malham ba mai jawabi ba ne. Ya faɗi abin da ya gani bi da bi: ƙofar baya da aka buɗe da makulli, babban takalmi da gajeren taku, dalilin da ya sa ba Hammud ba ne, da dalilin da ya sa ba Nakhla ba ne. A nan Nakhla ya ɗaga ƙafarsa sama don kowa ya shaida. Sannan ya ce sawun ya wuce bishiyar tut bai tsaya ba, ya je ya tsaya a gindin zaitun, inda ya sami zare da ɓurɓushin kullu.

Maza suka yi ta kallon juna. Matan ne suka fara ganewa, aka ji wata 'yar hayaniya ta ratsa layin baya.

"Abin da ke cikin tankin nan hamirar Gitas ce," in ji Malham. "Wanda ya zuba ta bai je da mugunta ba. Iyakar abin da ƙasa ta gaya min ke nan."

Muktar ya ce magana ce mai daɗi, amma ba za a ba baƙon da aka gayyato abin da ake zargi ba a kan shaidar zare. Ustaz Garbis ya gyaɗa kai da sauri, ya ce shi ma yana da jikoki. Malham bai waiwaya baya ba, ko da yake wuyansa har ciwo yake don son waiwayawa.

Sai aka ji an ajiye tire a kan benci. Zumurrud ta taso ta ratsa tsakiyar zauren da baƙin mayafinta, ta ɗauki tulun ta cika babban kofi, ba ƙaramin na alƙali ba. Ta yi alamar gicciye ta kafa kai. Ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasansa. Ta yamutsa fuska ta goge kumfar da bakin mayafi.

"Ni ce," in ji ta. "Hamirata ce, daga zaitun ɗin ubana. Hammud, ka yafe min, na bar ka a bakin mutane tun safe." Ta juya wajen bango. "Na ji kin ce naki yistin ya gaji."

Naila ta sauke hannuwanta. Fuskarta ta yi ja, Malham ya ga faɗan yana tahowa.

"Mama, kin san abin da kika yi? Wannan ba burodi ba ne. Duk wankin da kike gani muna yi dare da rana, don kada irin wannan ya shiga ne. Kin kashe min tanki guda."

"Yanzu na sani."

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"Da wane baki? Ni da na rantse a gaban mutane ba zan taka wurin ba."

Naila ta dubi uwarta. Can ta tambaya, a hankali, ko duka hamirar ta zuba. Zumurrud ta ce duka. Duk macen da ke zauren ta san abin da wannan ke nufi, domin ba a ba da hamirar Gitas gaba ɗaya ko ga 'yar'uwa, ɗan gutsure ake yi. Naila ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa, Malham ya kasa gane ko kuka ne ko dariya, da alama ita ma ba ta sani ba.

Ustaz Garbis ya yi gyaran murya ya ce tun da baiwar Allah ta sha kofi guda tana nan a tsaye, shi ma zai gwada. Ya zuba kaɗan ya ɗaga wajen taga, ya girgiza kai saboda dagulewar. Ya shinshina ya daɗe. Ya kurɓa ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya jira. Ya ce akwai ƙamshin ɓawon lemo da na wani itacen kan dutse mai suna fir, ɗacin ya zo a kan lokaci kuma bai zarce ba, jikinta ba nauyi, a can ƙarshe kuma ga ɗan ƙamshin burodi da ba shi da gurbi a irin wannan giya. Ya ce ba zai ba ta na ɗaya ba, don farar giya dole ta zama garau. Amma wadda ta dafa ta ta san aikinta, kuma yana so a sake gayyatarsa.

"Sai dai fa," ya ƙara, "hamirar nan tana da rai. Yau giyar lafiya lau take, nan da mako za ta yi tsami. In da mai sha, ya sha yanzu."

Wani saurayi daga ƙauyen ƙetaren kwari ne ya ci gasar, aka tafa masa yadda ya kamata. Daga nan Abuna Sim'an ya ce zunubi ne a bar abin da aka sa wa albarka ya lalace, garin kuwa bai taɓa yi masa biyayya da sauri irin na ranar ba. Aka yi jerin gwano zuwa matsar da tuluna da kwanoni. Nakhla, daga kan kujerarsa, ya sha ya ce har yanzu fitsarin jaki ce, sai dai jakin ɗan gidan mutunci ne, ya miƙa kofi a ƙara. Mutanen garinmu ba su iya cewa a yi haƙuri da baki ba, da faranti suke faɗa, don haka kafin magariba ƙofar Hammud ta cika da zalabiya da dafaffen alkama har matarsa ta rasa wurin ajiyewa.

*

Da jama'a suka ragu, Malham ya zagaya ya zauna a kan dutse kusa da ƙofar baya, wadda aka bari a buɗe. Bai tambayi Naila ko har yanzu za ta tafi ba, tsoron amsar yake ji. Daga ciki yana jin ƙarar kofuna a cikin ruwa. Uwa da 'ya ne ke wanki.

Zumurrud ce ta fara magana. Ta ce abin da ɗaci kamar maganin zazzaɓi, ta rasa me mutane ke ji a ciki. Naila ta ce ba a kafa kai a shanye kamar mai ƙishin rani, kurɓa ake yi. Zumurrud ta ce a shekarunta ba za a koya mata shan abu ba.

"Gobe zan roƙo miki gutsuren hamira wurin matar Nakhla," in ji Naila.

"Tata ba ta tashi da kyau. Amma karɓo."

"Badi kuma, in kin rataye kullunki, ki kawo min nan. Zan ware miki ƙaramin tanki, mu ga abin da zai zama in an yi shi da gangan. Babban kuwa, Mama, ko kallonsa kada ki yi."

"Badi?" in ji Zumurrud.

"Badi mana. Miƙo min wancan kofin."

Malham ya sa hannu ya share fuskarsa, ya tashi a hankali don kada su ji motsinsa, ya gangara ya ba awaki ciyawa.